Waiwaye: Shin Kuɗin da Yankees Ta Zuba a Kan Derek Jeter a 2010 Ya Biya?

A watan Disambar 2010 ƙungiyar besbol ta New York Yankees da ke Amurka ta sabunta kwantaragin kyaftin ɗinta, Derek Jeter, na tsawon shekara uku a kan dala miliyan 51, a lokacin yana da shekara 36 da haihuwa. An kai ga wannan matsaya ne bayan makonni ana ja-in-ja a shafukan jaridu, kuma tun daga ranar masu bin wasan suka rabu biyu a kan ko cinikin ya yi riba ko kuwa kara ce kawai aka yi wa tsohon gwarzo.

Gurbin da Jeter ke tsarewa shi ne tushen muhawarar. A wasan besbol akwai zango huɗu da mai bugu zai zagaya kafin ya ci maki, shi kuwa Jeter aikinsa shi ne tsayawa tsakanin zango na biyu da na uku, inda ƙwallayen da aka buga a ƙasa suka fi bi da gudu. Mai wannan gurbi yana bukatar saurin ƙafa da saurin juyawa da ƙarfin jifa, waɗanda su ne abubuwan da shekaru ke fara raba mutum da su. Shi ya sa fitattun 'yan wasa da dama kan sauya wuri idan sun manyanta, kamar Cal Ripken na Baltimore wanda ya koma zango na uku a ƙarshen zamaninsa.

Yankees ta ɗauki Jeter a 1992, ya fara buga mata babban wasa a watan Mayun 1995, sannan ya lashe kofin World Series, babban kofin gasar besbol ta Amurka, tare da ita a 1996 da 1998 da 1999 da 2000. A watan Fabrairun 2001 ta ba shi kwantaragin shekara goma a kan dala miliyan 189, watanni biyu bayan ƙungiyar Texas ta bai wa Alex Rodriguez, wanda shi ma wannan gurbin yake tsarewa, dala miliyan 252. Mai ƙungiyar, George Steinbrenner, ya naɗa shi kyaftin a 2003. Ko da Rodriguez ya zo Yankees a 2004, shi ne ya koma zango na uku, Jeter bai motsa daga wurinsa ba, abin da ke nuna irin matsayinsa a gidan. A 2009 ya ƙara kofi na biyar, ya yi nasarar kai wa zango a fiye da kashi 33 cikin ɗari na bugunsa, ya kuma wuce tarihin tsohon gwarzo Lou Gehrig na yawan bugun nasara, wato bugun da ke kai mai bugu zango, a ƙungiyar.

Sai shekarar 2010 ta zo da wani salo. Nasararsa a bugu ta faɗo zuwa kashi 27 cikin ɗari, mafi ƙanƙanta tun da ya zama ɗan wasa na dindindin, kuma hakan ya faru daidai lokacin da kwantaraginsa ke ƙarewa. Steinbrenner, wanda ya saba buɗe bakin aljihu ga waɗanda yake ƙauna, ya rasu a watan Yulin wannan shekara, ragama kuwa tana hannun 'ya'yansa da babban manaja Brian Cashman. An ba Jeter kyautar gwanin tsaro a gurbinsa karo na biyar a wannan kakar, amma masu ƙididdigar zamani, waɗanda ke auna faɗin filin da ɗan wasa ke iya tarewa, sun daɗe suna sa shi cikin na baya. Dalilin saɓanin a fili yake: ƙwallon da ya isa hannunsa da wuya ya kuɓuce masa, sai dai akwai da yawa da ba ya isa gare su, musamman ta gefen hagunsa, kuma ƙwallon da mutum bai taɓa ba ba a rubuta masa shi a matsayin kuskure.

Yankees ta fara da tayin dala miliyan 45 na shekara uku. Wakilin Jeter, Casey Close, ya fito ya ce yadda ƙungiyar ke tafiyar da tattaunawar abin ɗaure kai ne, Cashman kuma ya mayar da martani cewa Jeter yana iya zagaya kasuwa ya gani ko akwai mai ba shi fiye da haka. A ganina Cashman yana da gaskiya ta fuskar lissafi, domin da wuya wata ƙungiya ta biya ɗan shekara 36 wannan farashi, amma faɗin haka a bainar jama'a ga mutumin da ya ba gidan ƙuruciyarsa duka bai dace ba. Jeter da kansa ya bayyana ɓacin ransa a kan yadda maganar ta fito waje a ranar da aka sanar da yarjejeniyar.

Akwai kuma abin da alƙaluman tsaro ba su nunawa. Jeter ya rufe 2010 da bugun nasara 2,926, saura 74 ya cika 3,000, adadin da babu wanda ya taɓa kai wa a rigar Yankees. Barinsa ya cika wannan tarihi a rigar wata ƙungiya asara ce da magoya baya ba za su yafe ba. Ranar 9 ga Yulin 2011 ya cika shi a filin Yankee Stadium da bugun da ya fitar da ƙwallon daga fili a hannun mai jifa David Price na Tampa Bay, kuma duk bugu biyar da ya yi a ranar sun yi nasara. Ya gama kakar da kusan kashi 30 cikin ɗari. A 2012, yana ɗan shekara 38, ya yi bugun nasara 216, fiye da kowa a duk gasar. Shekaru biyun nan sun rufe bakin waɗanda suka ce ya ƙare, kuma ko a kansu kaɗai na yi imanin cinikin ya biya.

Ranar 13 ga Oktoban 2012, a wasan farko na zagayen kusa da ƙarshe da Detroit, Jeter ya karye a idon sawunsa na hagu yana ƙoƙarin tare ƙwallo. Detroit ta cinye Yankees wasa huɗu a jere. A 2013, shekarar da albashinsa ya fi tsoka a cikin ukun, wasa 17 kacal ya buga daga cikin 162, ƙungiyar kuma ta kasa kai wa zagayen gaba. Karaya ƙaddara ce da za ta iya samun ɗan shekara 25, amma jinkirin warkewa da ciwukan da suka biyo baya na daga cikin haɗarin da duk mai sayen shekarun ƙarshe na ɗan wasa ya san ya saya.

Inda nake ganin laifin shugabannin ƙungiyar shi ne rashin tanadi. Dala miliyan 51 ba ta girgiza ƙungiya mai arzikin Yankees ba, amma shekara uku ta ba su isasshen lokacin da za su reni magaji, ko su zauna da Jeter a kan komawa gurbi mai sauƙi, kuma babu ɗaya da suka cim ma. Da ya kwanta jinya sai aka riƙa cike wurin da Eduardo Núñez da Jayson Nix da wasu 'yan wucin gadi. A watan Nuwamban 2013 aka sake ba shi shekara ɗaya a kan dala miliyan 12, a watan Fabrairun 2014 kuma ya sanar a shafinsa na Facebook cewa wannan ce kakarsa ta ƙarshe. Wannan kwantaragi na ƙarshe ya fi wuyar karewa da hujjar abin da ya faru a fili, domin bugunsa bai kai kashi 26 cikin ɗari ba, tsaronsa ya ƙara rauni, Yankees kuma ta sake tsayawa a hanya, ko da yake jama'a sun yi ta cika filaye don yi masa bankwana, shi ma ya rufe wasansa na ƙarshe a gida, ranar 25 ga Satumba, da bugun da ya kayar da Baltimore.

Ya yi ritaya da bugun nasara 3,465, na shida a tarihin gasar. Sai a watan Disambar 2014, bayan tafiyarsa, Yankees ta ɗauko Didi Gregorius daga Arizona, matashin da ya riƙe gurbin shekara biyar.