Ribnot: notin da ake dasawa idan ramin sukuru ya cinye a bodin a-kori-kura

Ribnot wani ɗan gajeren bututun ƙarfe ne mai faffaɗan baki a sama, da haƙoran noti a cikinsa. Ana zura shi a ramin da aka huda a farantin ƙarfe, a matse shi ya kama farantin gaba da baya, shi ke nan ya zama notin wurin na dindindin. Rabinsa ribit ne, rabinsa noti. Abin da ya sa masu gyaran bodi ke ji da shi shi ne daga gefe ɗaya ake sa shi, ba sai hannu ya kai bayan ƙarfen ba.

Asalinsa ma ba na mota ba ne. Kamfanin BF Goodrich na Amurka ne ya fito da shi a 1936, don a riƙa ɗaure robar da ke fasa ƙanƙara a fukafukan jirgin sama, inda ƙarfen ba kauri kuma ba hanyar shiga ciki. Sunan da suka sa masa, Rivnut, yanzu yana hannun kamfanin Böllhoff na Jamus, amma a bakin masu sana'a ya bi duk wani noti irin wannan, ko wa ya ƙera shi.

Kafin a ga amfaninsa sai an san dalilin da ramin ke cinyewa. Ƙarfen bodin mota a wurare da yawa bai kai milimita 1 ba, ana samunsa tsakanin 0.7 da 0.9. Sukurun da ake ɗaurawa a irin wannan ƙarfe, mai kaurin milimita 4.2, tazarar da ke tsakanin haƙorinsa da na gaba milimita 1.4 ce. Ka ga ke nan ko haƙori ɗaya cikakke ba ya shiga naman ƙarfen. Gefen ramin ne kawai ya ɗan lanƙwashe ya maƙale a tsakanin haƙora biyu. A-kori-kura kuwa motar wahala ce: kaya, gargada, girgiza, ruwa da ke kwanciya a bayanta ya kawo tsatsa. Ga mai ɗaurewa da ke ƙara rabin juyi don ya tabbatar. Wata rana sai ka ji sukurun ya yi laushi a hannu, yana ta juyawa, ba ya shiga ba ya fita. Ramin ya cinye.

Nan ne mutane ke ɓata lokaci. Wani ya cusa tsinken ashana, wani ya naɗa waya, wani ya zuba gam. Wannan dabarar katako ce, inda ramin ke da zurfin da zai riƙe abin da aka cusa. A farantin da bai kai milimita 1 ba babu abin da zai riƙe. Haka nan naɗaɗɗiyar wayar nan ta Helicoil da ake farfaɗo da haƙoran ramin inji da ita, aikinta sai a ƙarfe mai kauri. A bodi ba haƙoran da za a farfaɗo, sai dai a kawo sababbi daga waje, kuma aikin ribnot ke nan.

Yadda yake kamawa abin sha'awa ne. Daga ƙarƙashin bakinsa zuwa tsakiya jikinsa siriri ne kuma ba haƙora. Haƙoran suna can ƙasa. Idan aka ɗaura bolti a ciki aka jawo ƙasan zuwa sama, siririn wurin sai ya naɗe ya kumbura, kamar gwangwanin da aka taka daga sama. Kumburin ya danne farantin ta baya, bakin ya danne ta gaba. Akwai na'urar hannu ta musamman mai kama da filaya da ake matse shi da ita. In babu, dogon bolti mai ƙarfi da noti da washa sun isa: ka ɗaura notin a boltin, ka sa washa da ɗan giris, ka ɗaura ribnot a ƙarshe, ka zura a ramin. Sai ka riƙe kan boltin da sifana ɗaya kada ya motsa, ka riƙa juya notin zuwa ƙasa da ɗayar. Da farko zai yi tauri, sannan ya saki yayin da jikin ke naɗewa, sannan ya sake yin tauri. Tauri na biyun nan shi ne wurin tsayawa. In ka wuce, musamman a na alminiyam, haƙoran da ka zo kawowa su ma ka cinye su.

Girman rami shi ne komai. A yawancin na milimita, M5, wato mai ɗaukar bolti mai kaurin milimita 5, yana son rami na milimita 7, M6 na 9, M8 na 11. Rami ya ɗara haka, ribnot ya riƙa juyawa tare da boltin ranar da aka zo kwancewa, kuma wannan ya fi matsalar farko ciwo, don yanzu bolti ya maƙale a notin da hannu ba ya kai wa. Shi ya sa na fi son mai zane-zane a jiki, wanda ke cizon gefen ramin. Mai kusurwa shida ya fi shi riƙo, amma sai an yi masa rami mai siffarsa. A kuma duba kaurin farantin da aka rubuta cewa zai iya kamawa; wanda aka yi don ƙarfe mai kauri ba zai matse siriri ba.

Kafin injin huda ya taɓa bodi, a san abin da ke baya: wayoyin wuta, bututun birki, tankin mai. Bayan hudawa a goge kaifin gefen, a shafa fenti a ƙarfen da ya fito tsirara. Inda ruwa ke bi, akwai ribnot mai rufaffen ƙasa. Sai batun haɗa ƙarfe da alminiyam: idan suka haɗu da danshi, alminiyam ɗin ne ke ruɓewa. Masu Ford F-150 daga ƙirar 2015, da aka mayar da bodinta alminiyam, su ne suka fi bukatar kula da wannan.

Ba kowane rami ne ya cancanci wannan hidimar ba. In abin da ake ɗaurewa marar nauyi ne, kamar robar ado ko ta taren taɓo, sukuru mai ɗan ƙarin kauri zai iya kashe maganar, ko a bubbuga gefen ramin ya tsuke. In ramin na kusa da bakin farantin, akwai ɗan maƙalin ƙarfe mai siffar U da ake zurawa ya zama noti. In hannu na kaiwa baya, bolti da noti da faffaɗan washa sun fi komai. Walda tana toshe rami, amma zafinta yana ƙona fenti ya karkatar da siririn ƙarfe.

Bel ɗin kujera, kujerar kanta, da ƙugiyar jan wata mota kuwa ba na ribnot ba ne. Ƙarfinsa bai wuce ƙarfin farantin da ya kama ba, kuma nauyi mai fizga zai yage shi ya fito da naman ƙarfen. Irin waɗannan wuraren sai noti mai walda da ƙarin faranti mai kauri a baya.