Ma'anar kubizim a gine-gine, da gidan Josef Gočár a Prag

Kalmar kubizim ta samo asali ne daga sunan siffar nan mai fuska shida daidai wa daida, irin ta dunƙulen magi. Masu zane a Faris ne suka fara salon wajajen 1908, musamman Picasso da Braque. Sai su zana fuskar mutum ko kwalba a kakkarye, gefe nan kusurwa can, kamar madubin da ya fashe aka sake jera shi. A yawancin ƙasashe abin bai wuce allon zane ba. Amma a Prag, babban birnin ƙasar Cek a yau, magina suka kai shi jikin bango da ƙofa da kujera, har da fitilar bakin titi.

Idan aka ce gini na kubizim ne, ana nufin bangonsa ba shafaffe ba ne. An karkata shi, an fito masa da kusurwoyi kamar sassaƙaƙƙen lu'ulu'u, ta yadda inuwar da ke jikinsa da safe daban take da ta la'asar. Ba a manna masa furanni ko wani ƙawa daga waje, jikin ginin shi ne adonsa.

Wanda ya fi nuna hakan shi ne Josef Gočár. An haife shi a 1880 a ƙauyen Semín, ya yi karatu a hannun wani masanin tsara gine-gine, Jan Kotěra. Tsakanin 1911 da 1912 ya gina wani kanti a titin Celetná, cikin tsohon garin Prag. Ana kiransa Gidan Baƙar Maryama, saboda wani baƙin mutum-mutumin Maryama da ke maƙale a kusurwarsa. Ƙashin ginin na siminti ne da rodi, shi ya ba shi damar yin faffaɗan gidan shan gahawa a bene ba tare da ginshiƙai sun tsaya wa mutane a tsakiya ba. Shi da kansa ya tsara fitilun wurin da kujerunsa. Abin da ya fi burge ni shi ne matakalar: ka tsaya a ƙasa ka ɗaga kai, ramin tsakiyarta sak ƙwan lantarki.

Salon bai daɗe ba. Bayan kafa Cekoslobakiya a 1918, Gočár ya sassauta kusurwoyin zuwa da'ira da baka, kamar a bankin Legiobanka da aka gama a 1923. Daga baya ma ya koma gini marar ado, irin cocin Wenceslas da ke unguwar Vršovice. Ya gaji kujerar malaminsa Kotěra a matsayin farfesa a Kwalejin Fasahar Zane-zane ta Prag a 1924, ya koyar har 1939, ya rasu a 1945.

Gidan gahawar kuwa, Grand Café Orient, an rufe shi tun shekarun 1920, sai a 2005 aka sake buɗe shi.