Yaran da suka tsere wa 'yan bindiga: tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Tun da iyalai suka fara kwararowa Rigasa da sauran unguwannin Kaduna daga ƙauyukan Birnin Gwari da Chikun, tambayoyin masu riƙon yaran ba sa canzawa. Ga amsoshin wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake tare ni a ƙofar makaranta.

Ai yaro ne, ba zai manta ba?

Bai manta ba. Shiru kawai ya yi miki.

Shekararsa tara amma ya koma fitsarin kwance. In dake shi?

Haba 'yar'uwa! Yaron da ya kwana cikin gonar dawa yana jin harbi, shi za ki ƙara wa duka? Ki shimfiɗa leda ƙarƙashin tabarma, ki tashe shi ya zagaya kafin ki kwanta, kuma ki hana yaran gida kiransa amalala.

Me ya sa yake kwana da takalmi a ƙafa?

Don a garinsu da an ji ƙarar babura cikin dare sai gudu. Akwai ƙauyukan da sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a yi shuka ko girbi, kowa na tsoron infoma, yaro ya tashi ya iya kame baki da shirin gudu. Dabarar da ta cece shi ke nan. Ki ƙyale shi, da kansa zai cire.

Babansa na hannunsu a daji. Me zan ce masa?

Wannan kam sai an duba yaron. Ɗan shekara huɗu daban, ɗan goma sha biyu daban, kuma ya danganta da abin da ya gani da idonsa. Ni dai ba na son a ce "ya yi tafiya". Yaro na jin ƙus-ƙus ɗin manya kan kuɗin fansa, yana ganin an sayar da saniya, ranar da ya gane an yi masa ƙarya kuwa zai daina yarda da kowa a gidan. Amma ba sai kin zazzage masa komai ba. Ga ƙarami, "miyagun mutane sun riƙe Baba, manya na ƙoƙari, mu yi masa addu'a" ya isa. Kada ki ɗauki alkawarin ranar dawowa. In masu garkuwar sun bugo waya, a fitar da shi daga ɗakin. In kuma uwarsa na nan, ita ke da maganar, ko da kina ganin ba daidai ta yi ba. Ki ba ta shawara a keɓe.

Bayan abin da ya faru a Kuriga, in sa shi makaranta?

Ki sa shi. Na san a ranar 7 ga Maris 2024 daga makaranta aka kwashi yaran Kuriga da ke ƙaramar hukumar Chikun, sai 24 ga watan aka dawo da 137. Tsoronki na da hujja. Amma nan cikin gari kike, kuma layin asambili da hutun tara da ƙwallon yamma su ke nuna wa yaro gobe za ta yi kama da yau. A Afganistan tun 2021 'yan Taliban suka hana 'yan mata sakandare; mu kada mu hana namu da hannunmu.

Yana wasan harbi da karan dawa.

Bar shi. Ki dai sa ido kada ya ji wa wani ciwo.

Ruƙiya ko asibiti?

Wa ya ce sai ɗaya? A yi masa addu'a. In an shafe makonni ba ya ci, ba ya barci, ko ya daina magana ɗungurungum, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, kuma wanda ya fi sakewa da shi ne zai raka shi.