Asalin Salon Maganar Ingilishi Masu Rikitarwa

Salon magana jerin kalmomi ne wanda ba a gane ma'anarsa ta hanyar fassara kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda Bahaushe ke cewa "cin fuska" alhali ba a tauna fuskar kowa ba. Ingilishi na da irin waɗannan da yawa, kuma abin da ya sa suke rikita mai koyo shi ne galibinsu sun samo asali daga wata doka, sana'a ko fassara da aka daɗe da mantawa, kalmomin kuwa suka ci gaba da yawo a bakin jama'a.

Misalin da tarihinsa ya fi tabbata shi ne "read the riot act", wato yi wa mutum kashedi mai zafi. A 1715 majalisar Birtaniya ta zartar da dokar hana tarzoma, wato Riot Act, wadda ta tanadi cewa idan mutum 12 ko fiye suka taru suna tayar da hankali, jami'in hukuma zai karanta musu sanarwa da babbar murya, kuma duk wanda bai watse ba bayan awa ɗaya, to ya aikata laifin da hukuncinsa kisa ne. An soke dokar a Ingila a 1967, amma har yau uwa takan "karanta" wa ɗanta ita idan ya ƙi ji.

"Mad as a hatter", mahaukaci kamar mai yin hula, ana danganta shi da zaibar da masu wannan sana'a ke amfani da ita wajen sarrafa gashin dabbobi, wadda ke jawo rawar jiki da ruɗewar tunani. Shi kuwa "by the skin of my teeth" (da fatar haƙorana), wato sha da ƙyar, daga littafin Ayuba 19:20 na Baibul ya fito, inda aka ɗauko lafazin Ibrananci kai tsaye, duk da cewa haƙori ba shi da fata.

Inda asali ya ɓace, sai ƙirƙirarren labari ya maye gurbinsa. "Raining cats and dogs" (ana ruwan kyanwoyi da karnuka) na nufin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kuma marubuci Jonathan Swift ya yi amfani da shi a 1738. Labarin cewa kyanwoyi da karnuka ne ke zamewa daga rufin ciyawa lokacin ruwa ya bazu ta saƙonnin imel a ƙarshen shekarun 1990, amma masana tarihin kalmomi sun yi watsi da shi saboda ba shi da hujja ko ɗaya a tsofaffin rubuce-rubuce.