Kujerar yara ta mota a cikin jirgin sama

Kujerar yara ta mota 'yar kujera ce mai ƙwarin jiki, da soso a ciki da maɗaurai masu riƙe kafaɗu da ƙugu da tsakanin cinyoyi. Ana ɗora ta a kan kujerar manya a ɗaure da bel, sannan a zaunar da yaro a cikinta a ɗaure shi. Don mota aka ƙera ta, amma hukumomin sufurin jiragen sama sun amince a shiga jirgi da wasu nau'o'inta, muddin an yanka wa yaron tikitin kujerarsa. A yawancin ƙasashe ba a tilasta hakan. Yaron da bai cika shekara 2 ba an yarda ya yi tafiyar a cinyar uwa ko uba, kuma haka mafi yawan jarirai ke tafiya, har da waɗanda ke tashi daga Kano.

Asali

Kujerun farko ba don kariya aka yi su ba. A shekarun 1930 wani kamfani a Amurka mai suna Bunny Bear ya riƙa sayar da wata kujera da ake rataya wa a jikin kujerar mota, amfaninta kawai ta ɗaga yaro ya hango waje, uwa kuma ta riƙa ganinsa. Sai wajen 1962 aka samu masu tunanin hatsari: Jean Ames a Ingila da Leonard Rivkin a birnin Denver na Amurka, kowa da irin tasa ƙirar. Masu tarihi ba su daidaita kan wanda ya riga wani ba.

Wanda ya fi tasiri shi ne Bertil Aldman, wani farfesa a ƙasar Suwidin. An ce ya ga yadda ake kwantar da 'yan sama jannati a rigingine lokacin harba kumbo, don nauyin tashin ya bazu a gadon bayansu gaba ɗaya, sai ya ce haka ya kamata a yi wa jariri, wanda kansa ke da nauyi wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Daga nan aka samu kujera mai kallon baya, wadda aka gwada samfurinta wajen 1964. Kamfanonin Ford da General Motors sun fito da nasu a ƙarshen shekarun 1960. Gwamnatin Amurka ta kafa ƙa'idar ƙira ta farko a 1971, jihar Tennessee ta fara tilasta amfani da kujerar a 1978, kuma zuwa 1985 dukkan jihohin ƙasar sun bi sahu. Turai ta bi ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba R44, wadda R129 ta fara maye gurbinta daga 2013.

Yadda ta shiga jirgi

A farkon shekarun 1980 hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fara amincewa da wasu kujerun. Daga watan Fabrairun 1985 aka haɗa gwajin mota da na jirgi a ƙa'ida ɗaya, ciki har da kifa kujerar a ga ko yaro zai zame ya faɗo. Duk wadda ta ci gwajin sai a manna mata takarda da jan rubutu.

Abin da ya ɗaga maganar shi ne hatsarin jirgin United Airlines mai lamba 232, ranar 19 ga Yulin 1989. Jirgin ƙirar DC-10 ya taso daga Denver zuwa Chicago da mutum 296, injin wutsiyarsa ya tarwatse ya tsinke hanyoyin sarrafa shi, matuƙa suka lallaɓa shi har filin jirgin Sioux City a jihar Iowa, inda ya daki ƙasa ya kakkarye ya kama da wuta. Mutum 112 suka rasu. Akwai yara huɗu da ba su da kujera. Umarnin da ma'aikata ke bi a lokacin shi ne a naɗe irin waɗannan yara da bargo a ajiye su a ƙasa tsakanin ƙafafun iyaye a danne. Da jirgin ya daki ƙasa wasunsu suka kuɓuce, ɗaya mai wata 22 ya rasu. Shugabar ma'aikatan cikin jirgin, Jan Brown, wadda da bakinta ta ba iyayen wannan umarni, ta shafe sauran shekarun aikinta da bayan ritayarta tana neman a haramta riƙon yara a cinya.

Hukumar binciken hatsura ta Amurka, NTSB, ta nemi a tilasta kujerar a 1990. Ta sake nema bayan hatsarin jirgin USAir a Charlotte a watan Yulin 1994, inda wata jaririya mai wata 9 ta suɓuce daga hannun uwarta ta rasu, uwar ta rayu. Irin haka ya faru a Sanikiluaq da ke arewacin Kanada a Disambar 2012: ƙaramin jirgi ya zarce titin sauka, jariri mai wata 6 da ke cinya shi kaɗai ya mutu a cikin duk waɗanda ke jirgin. Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta fitar da littafin jagora kan kujerun yara a 2015, amma shawara ce ga ƙasashe, ba doka ba. Maganar ta sake tasowa a Janairun 2024, lokacin da wani murfin ƙofa ya ɓalle daga jirgin Alaska Airlines yana sama, da jarirai uku a cinya a cikinsa. Babu wanda ya rasu.

Abin da hannu ba ya iyawa

Lissafin ba shi da wuya. Kujerun jirgi na da ana gwada su da ƙarfin da ya ninka nauyin abu sau 9, na zamani kuwa sau 16. Yaro mai kilo 10, idan jirgi ya yi tsayawar da ta kai ninki 9, zai fizgi hannun mai riƙe da shi da nauyin kilo 90, kusan buhun siminti biyu ke nan a lokaci guda, kuma ba tare da sanarwa ba. Hatsari irin wannan ba kasafai yake faruwa ba. Abin da ya fi yawa shi ne gargadar iska, musamman wadda ke zuwa sararin sama na tangaran, na'urar matuƙi ba ta hango ta ba. Jirgi kan faɗa ƙasa farat ɗaya, duk abin da ba a ɗaure ba ya tashi ya bugi rufi. A jirgi ana kulle butar shayi da keken abinci kafin tashi da sauka; jariri ne kaɗai doka ta bari ba ɗauri a wasu ƙasashe.

Saɓani

A 2005 FAA ta janye shirin tilastawa. Hujjarta ita ce, in aka ce dole a sayi tikitin jariri, iyalai da dama za su haƙura da jirgi su bi hanyar mota, wadda ta fi kisa nesa ba kusa ba, don haka yaran da za a rasa a titi za su fi waɗanda za a ceta a sama. NTSB da ƙungiyoyin ma'aikatan jirgi da likitocin yara ba su gamsu ba. Har yanzu FAA na ba da shawarar a yi amfani da kujerar, ba ta kuma tilasta ba.

Akwai saɓani na biyu kan ɗan ƙaramin bel da ake zura wa a na uwa a ɗaura wa jariri a ciki. Turai da kamfanoni da yawa na Afirka da Gabas ta Tsakiya suna ba da shi. Amurka ta hana, don a ganinta jikin babba zai iya danne yaron.

Kujerar da ake karɓa

Ma'aikatan jirgi takardar da ke manne a jikin kujera suke dubawa, ba kyanta ko tsadarta ba. Ta Amurka tana da jan rubutu da ke cewa an amince da ita a mota da jirgin sama. Ta Turai tana da takarda mai ruwan lemo da harafin E a cikin da'ira, amma wannan shaidar mota ce. Wasu kamfanonin, musamman na Jamus, suna neman ƙarin tambarin hukumar gwaji ta TÜV. In takardar ta goge ko ta ɓare, ana iya ƙin kujerar ko da lafiyarta ƙalau.

Dole kujerar ta zama mai ɗauruwa da bel na cinya kaɗai, don shi ne a jirgi. Wadda ba ta kamuwa sai da ƙugiyoyin ISOFIX, wato ƙugiyoyin ƙarfe masu maƙalewa a jikin kujerar mota, ba ta da amfani a can. Haka ma matashin ƙara tsawo na manyan yara, wanda ke buƙatar bel na kafaɗa. An hana shi lokacin tashi da sauka. Faɗi ma abin dubawa ne: wadda ba ta wuce santimita 40 ba tana shiga yawancin kujeru, wadda ta fi haka sai an ɗaga hannun kujera, kuma a layin gaba hannayen ba sa ɗaguwa. A ma'aunin FAA na da, yaron da bai kai kilo 9 ba yana kallon baya, daga 9 zuwa 18 yana kallon gaba, wanda ya wuce haka bel ɗin jirgi ya ishe shi, ko da yake abin da maƙerin kujerar ya rubuta shi ne abin bi.

Wuri da ɗauri

Gefen taga ake sa ta, don kada ta tare wa kowa hanya in an tashi fitar gaggawa. A manyan jirage masu hanya biyu ana iya sa ta a tsakiyar layin tsakiya. Ba a yarda da ita a layin ƙofar gaggawa ba, kamfanoni da yawa kuma sun haɗa da layin gabansa da na bayansa. Babba mai kula da yaron zai zauna kusa da ita.

Mai kallon gaba ita ce ta fi ba da wahala. Akan kwantar da bayan kujerar jirgin, a zura bel ta ramin da ke bayan ta yaron, a maƙala, a sa gwiwa a danna kujerar ƙasa ana jan bel ɗin har ya ɗame, sannan a miƙar da bayan. Kan bel ɗin jirgi murfi gare shi da ake ɗagawa, kuma in ya kwanta yana fuskantar bayan kujerar yaron, yatsa ba ya samun wurin ɗaga shi bayan an sauka, sai a ga uba a durƙushe yana fama fasinjoji na wucewa. Waɗanda suka saba sukan murɗa bel ɗin rabin juyi kafin su maƙala. Mai kallon baya kuwa tana hana na gaba kwantar da kujerarsa, abin da kan jawo 'yar magana a doguwar tafiya.

Wasu hanyoyin

Akwai maɗauri mai suna CARES da FAA ta amince da shi a 2006, na yara masu kilo 10 zuwa 20 waɗanda tsawonsu bai wuce kimanin mita ɗaya ba. Ana zagaya shi a bayan kujerar jirgi, yana shiga jakar hannu, amma ba ya aiki a mota. Gadon jariri da ake maƙalawa a bangon gaba na hutu ne kawai, ana fitar da yaro da zarar fitilar bel ta kama.

A Kano

Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano na cikin mafi daɗewa a Najeriya. Ana danganta saukar jirgi na farko a birnin da 1925. Daga nan ake tashi zuwa Abuja da Legas, da Jidda da Madina, da Alƙahira da Adis Ababa, kuma jiragen Umara, musamman na azumi, ba sa rasa mata masu goyo. Kujerar yara kuwa da wuya a gan ta a layin shiga. Dalili na farko kuɗi ne: a tafiyar ƙasashen waje jaririn cinya yakan biya kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba, mai kujera kuwa kuɗin yaro ake caji, wanda ya kusa na babba. Na biyu, kujerar ba ta zama ruwan dare ba ko a titi. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana jan kunne a sa yara a baya a ɗaure su, amma a Adaidaita Sahu da motar haya babu wurin ɗaura ta, kuma a motar gida ma an fi ganin jariri a cinyar uwa a gaba.

Goyo da zani da majanyi yana da amfani a harabar fili, yana sakar wa uwa hannu ta riƙe fasfo da jaka. A cikin jirgi sai an kwance shi. Ma'aikaciya za ta ce, "Hajiya, a sauke shi a riƙe a gaba," don babba ba zai jingina da yaro a baya ba, zani kuma ba maɗaurin da aka gwada ba ne. Mai tagwaye tana da wata matsalar: babba ɗaya jariri ɗaya aka yarda ya riƙe, don haka ko dai a samu wani babba ya ɗauki Husaini, ko a saya masa kujera. Yawan jariran da za su zauna a layi ɗaya ma yana da iyaka, gwargwadon abin shaƙar iska na ko-ta-kwana da ke saman layin, shi ya sa akan raba iyali ɗaya zuwa layuka biyu.

Waɗanda suka fi tafiya da kujerar su ne masu zuwa ƙasashen da dokar titi ta tsananta, kamar ɗalibai da ma'aikata masu komawa Ingila, inda ake buƙatarta har yaro ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135. Da yawan kujerun da ke hannun mutane a Kano na gwanjo ne. Irin waɗannan sau da yawa ba su da littafin bayani, ba a san ko sun taɓa shiga hatsari ba, kuma maƙera kan sa wa kujera wa'adin shekara 6 zuwa 10 daga ranar ƙira, wadda ake bugawa a ƙasanta ko a bayanta. Hukumar NCAA ce ke kula da ƙa'idojin jiragen Najeriya, amma a aikace kowane kamfani da tsarinsa, wasu kuma suna so a sanar da su kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya.

In ba a shiga da ita ba

Kamfanoni da yawa suna ɗaukarta cikin kaya kyauta, ko a wurin awo ko a bakin ƙofar jirgi. Jifa da danniya na iya tsaga ta inda ido ba ya gani, don haka akan sa ta a kwalinta na asali ko a jaka mai soso.