An Kayar Da Kwatabak: Laifin Wa?

A ƙwallon ƙafar Amurka, da zarar an kayar da kwatabak (ɗan wasan da ke jefa wa abokan wasansa ƙwallo) kafin ya jefa ƙwallo, abin da ake kira sak, sai 'yan kallo su hau zagin mutum biyar ɗin da ke tare masa. Sau tari ba laifinsu ba ne.

A duba lokaci tukuna. Aikinsu su riƙe abokan hamayya na kusan daƙiƙa biyu da rabi. Idan an kayar da shi kafin nan saboda mai gadin gefen hagu ya bari an zagaye shi, wannan nasu ne. Amma wanda ya rungume ƙwallo daƙiƙa huɗu yana leƙe-leƙe, ko ya ja da baya fiye da inda aka tsara, shi ya jawo wa kansa.

Sannan a ƙirga. Mahara shida, masu tarewa biyar: na shidan na kwatabak ne. Dole ya gane shi kafin a fara, ya saki ƙwallo nan take.

A 1988, Dan Marino, kwatabak na ƙungiyar Miami, ya yi jifa 606, sau shida kacal aka kayar da shi. Hannunsa ne ke da sauri.