Mozart a Fuska Ɗaya, Strauss a Ɗayar: Tambayoyi Kan Wani Haɗin Faifai

Wanda ya saba leƙa faya-fayan kiɗan gargajiyar Turawa zai ci karo da wani haɗi ba sau ɗaya ba: mawaƙiya guda, waƙoƙin Richard Strauss a gefe, waƙoƙin Mozart a ɗaya gefen. Mozart ya rasu a 1791, an haifi Strauss a 1864, kuma kiɗan mutanen biyu bai yi kama ba a jin farko. Duk da haka mawaƙa da kamfanonin faifai sun daɗe suna gwama su.

Waɗanne irin waƙoƙi ake nufi?

Iri biyu ne. Na farko ana kiransa ariya. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera zancensa da kiɗa, ita kuma ariya ita ce wurin da labari yake tsayawa, ɗan wasa ɗaya ya rera abin da ke cikin zuciyarsa shi kaɗai. Mozart, ɗan garin Salzburg da aka haifa a 1756, shi ne gwanin wannan fage a zamaninsa. Ya yi manyan opera uku da Italiyanci tare da marubuci Lorenzo Da Ponte: Auren Figaro a 1786, Don Giovanni a 1787, da Così fan tutte a 1790. Akwai kuma ariyoyin da ya rubuta daban, ba don wani wasa nasa ba, sai don wata mawaƙiya ta rera a dandalin kiɗa.

Iri na biyu ba shi da wasa, ba shi da sutura ko ado. Mai tsara kiɗa yana ɗaukar rubutacciyar waƙar wani marubuci, yawanci da Jamusanci, ya ɗora mata murya ɗaya da babbar ƙungiyar makaɗa a baya. Wannan salo ya bunƙasa daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa tsakiyar na 20, kuma sunayen da suka fi fice a cikinsa su ne Gustav Mahler da Strauss.

Me ya fara kawo haɗin?

Da farko dai tsawon faifai. Babban faifan garmaho mai dogon zango, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, yana ɗaukar minti ashirin da 'yan kai a kowace fuska. Shahararren aikin Strauss na wannan fanni, Waƙoƙi Huɗu na Ƙarshe, tsawonsa kusan haka ne. Fuska ɗaya ta cika, ɗayar tana nan fayau. Da faifan CD ya zo a 1982 yana ɗaukar fiye da minti 70, gurbin ma sai ya ƙara faɗi. Wasu kamfanoni sukan cike shi da wasu waƙoƙin Strauss, wasu da kiɗansa na zalla ba murya, wasu kuma su waiwayi abin da mawaƙiyar ta fi ƙwarewa a kai. Sau da yawa abin nan Mozart ne.

Ashe ke nan cike gurbi ne kawai?

A'a, kuma nan ne batun yake da nauyi. Strauss masoyin Mozart ne na gaske, da aiki ba da baki ba. Ya kasance jagoran makaɗa a Munich da Balin da Biyana, kuma a lokacin da mutane da yawa suke ɗaukar Così fan tutte a matsayin wasan shiririta mara tarbiyya, shi ya riƙa jagorantar sa har aka dawo da martabarsa. Yana cikin waɗanda suka tsaya wa kafa bikin kiɗa na Salzburg, wanda aka fara a 1920 tare da Max Reinhardt da Hugo von Hofmannsthal, kuma shi ya jagoranci Don Giovanni a 1922, opera ta farko da aka yi a bikin. A 1931 ya sake fasalin Idomeneo na Mozart don dandalin Biyana.

Babbar shaidar tana cikin opera tasa Der Rosenkavalier, da aka fara nunawa a Dresden a 1911. An kafa labarin a Biyana ta ƙarni na 18. Akwai matar wani babban mutum wadda take jin ƙuruciya tana kuɓuce mata, akwai kuma wani saurayi ɗan shekara 17 da mace take fitowa a matsayinsa. Duk wanda ya san Auren Figaro zai gane su nan take, domin a can ma akwai matar basarake Almaviva mai baƙin cikin juya bayan da mijinta ya yi mata, da yaro Cherubino wanda shi ma mace ce take rera shi. Saboda haka mawaƙiyar da take rera matar Almaviva a wannan mako, ita ce gidan opera yake bai wa matar nan ta Strauss a mako mai zuwa. Faifai ya tarar da al'adar ne a dandali, ba shi ya ƙirƙiro ta ba.

Mene ne labarin Waƙoƙi Huɗu na Ƙarshe?

Strauss ya rubuta su a 1948 a ƙasar Suwizalan, yana da shekara 84. Ya bar Jamus a ƙarshen 1945 bayan yaƙi ya rusa gidajen opera na Munich da Dresden da Biyana, wuraren da ya yi rayuwarsa ta aiki. Sunansa ma yana da tabo, don ya shugabanci hukumar kiɗa ta gwamnatin Nazi daga 1933 zuwa 1935, sai a 1948 kotun tantancewa ta wanke shi.

Uku daga cikin waƙoƙin rubutun Hermann Hesse ne: ɗaya kan bazara, ɗaya kan watan Satumba, ɗaya kan shiga barci. Ta huɗun ta Joseph von Eichendorff ce, kan tsofaffin ma'aurata biyu da suke kallon faɗuwar rana riƙe da hannun juna, suna tambaya ko wannan ce mutuwa. A daidai wurin tambayar Strauss ya sako wani zubin kiɗa daga aikin da ya yi tun 1889 kan mutuwa. Matarsa Pauline de Ahna mawaƙiya ce mai murya ta sama, mahaifinsa Franz kuma babban mai busa ƙaho ne a Munich, shi ya sa mutane da yawa suke jin su biyun a cikin aikin: muryar mace a gaba, ƙaho yana amsa mata.

Bai ji an rera su a bainar jama'a ba. Ya rasu ranar 8 ga Satumba 1949, Pauline ta bi shi ranar 13 ga Mayu 1950, kwana tara kafin Kirsten Flagstad ta fara rera su a Royal Albert Hall na Landan, Wilhelm Furtwängler yana jagorantar makaɗan Philharmonia. Abin mamaki, maharaja, wato sarkin Mysore na ƙasar Indiya, ne ya ɗauki nauyin taron. Sunan aikin da jerin da aka saba ji yau, Ernst Roth na kamfanin ɗab'i Boosey & Hawkes ne ya tsara su. Shi ya sa za ka ji wasu tsofaffin faya-fayai da jeri daban, kamar na Lisa Della Casa da Karl Böhm na 1953.

Murya ɗaya za ta iya ɗaukar duka biyun?

Ba kowace ba. Ƙungiyar makaɗan Mozart ƙarama ce: masu goge, da masu busa biyu-biyu. Murya tana tsaye a fili, babu abin da zai rufa mata asiri. Rera Mozart kamar sa farar shadda ne, ɗigon manja ɗaya ya isa kowa ya gani. A babbar ariyar matar Almaviva, inda take tambayar ina kwanakin daɗi suka tafi, zubin waƙar mai sauƙi ne ƙwarai, kuma sauƙin ne wahalarsa: in numfashi ya yanke a inda bai dace ba, ko murya ta ɗan sauka daga kan sauti, shi ke nan.

Strauss kuma makaɗansa sun ninka na Mozart, da ƙahoni huɗu da manyan kakaki. Yana buƙatar muryar da za ta ratsa wannan taro ba tare da ihu ba, da dogon numfashi, domin yakan shimfiɗa gaɓa ɗaya ta kalma a kan sautuka masu yawa. Wadda ta iya duka biyun ita ce mai murya ta sama, mai tsabta, mai matsakaicin nauyi. Irin su Della Casa, Elisabeth Schwarzkopf, Gundula Janowitz, Lucia Popp, Kiri Te Kanawa da Renée Fleming. Te Kanawa ta yi suna ne da matar Almaviva a gidan opera na Covent Garden da ke Landan a 1971, Fleming ma a wannan matsayi ta fara fitowa a gidan opera na Metropolitan a New York a 1991, kuma kowaccensu ta naɗi waƙoƙin huɗun sau biyu.

Flagstad dai muryarta irin ta opera ta Bajamushe Richard Wagner ce, babba mai nauyi. Jessye Norman ma babbar murya ce, kuma naɗin da ta yi da jagora Kurt Masur a Leipzig, wanda ya fito a 1983, yana cikin waɗanda aka fi so, ga shi a hankali ƙwarai, musamman waƙar ƙarshe. Wato Strauss yana karɓar murya mai nauyi da mara nauyi. Mozart ne mai tsaurin ido, shi ne yake tantance wadda haɗin zai yi wa kyau.

Wane faifai ne ya fi nuna wannan haɗi?

Na Schwarzkopf da jagora George Szell tare da makaɗan London Symphony, wanda aka naɗa a 1968 a kamfanin EMI. Akwai ariyoyin Mozart na dandalin kiɗa guda huɗu, da waƙoƙin Strauss bakwai. Shekara uku kafin nan su biyun sun riga sun naɗi Waƙoƙi Huɗu na Ƙarshe a Balin, mijinta Walter Legge yana kula da aikin.

Abin da ya fi jan hankali a faifan shi ne ariyar da Mozart ya rubuta a ƙarshen 1786 don Nancy Storace, Baturiyar Ingila da ta fara fitowa a matsayin Susanna a Auren Figaro, lokacin da take shirin barin Biyana. Ya sa mata piyano yana zance da murya. A faifan, Alfred Brendel ne a kan piyanon. In ka saurari wannan, sannan ka saurari yadda goge ɗaya yake tashi shi kaɗai kafin murya ta ɗauka a waƙar barci ta Strauss, za ka ji dabara ɗaya ce a hannu biyu.

Schwarzkopf tana da masu suka. Suna cewa tana yi wa kowace kalma kwalliya har abin ya zama ƙaƙale, kuma a 1968 muryarta ta fara nuna shekaru. Akwai gaskiya a ciki. A nawa kunnen, mai son murya zalla ba tare da wannan ado ba ya fi dacewa ya nemi Janowitz da Herbert von Karajan da makaɗan Balin na farkon shekarun 1970.

Me ya sa haɗin bai gamsar da kowa ba?

Saboda yadda ake kaɗa Mozart ya sauya. Tun daga shekarun 1970, jagorori irin su Nikolaus Harnoncourt, Christopher Hogwood da John Eliot Gardiner suka koma ga kayan kiɗa irin na zamanin Mozart, da ƙananan ƙungiyoyi, da sauri da kaifi fiye da da. Kunnen da ya saba da wannan yakan ji Mozart na tsofaffin faya-fayai ya yi kauri, kamar an yafa masa rigar Strauss. Haɗarin ke nan idan ƙungiya ɗaya da jagora ɗaya suka naɗi duka biyun a mako guda: ɗayan yakan rinjayi ɗayan, kuma yawanci Mozart ne yake asara. Szell ya tsira daga wannan don shi mutum ne mai tsantseni da kaifin lissafi a kiɗa.

Wanda ba ya jin Jamusanci ko Italiyanci, daga ina zai fara?

Ya fara karanta fassarar kalmomin sau ɗaya, gajeru ne, sannan ya ajiye takardar. Ya zaɓi mawaƙiya ɗaya, misali Te Kanawa ko Fleming, ya ji ta a ariyar matar Almaviva ta kashi na uku na Auren Figaro, nan take ya bi da waƙar barci ta Strauss. Duka biyun ba su fi minti goma sha biyu ba. Ya sa kunne a abu ɗaya: inda take jan numfashi, da tsawon abin da take rerawa kafin ta sake ja. Gara a yi shi da abin sauraro na kunne a wuri mara hayaniya, don lasifikar waya tana haɗiye ƙahonin Strauss gaba ɗaya.